Farfesa Ligia Borza, Wadda Ta Koyi Jira

Ranar Talata, biyu ga watan Satumba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Farfesa Ligia Borza, malamar falsafa a jami'armu ta nan Transilvaniya, tana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Mijinta, Injiniya Tiberiu, shi ya buga mini waya. Ya ce suna tsakar gida suna gasa yalo da tattasai don ajiyar lokacin sanyi, kamar yadda kowane gida ke yi a wannan wata, sai ta ce masa bari ta ɗan zauna, ƙirjinta ya yi mata nauyi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Mai rai Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya so, mu kuwa da aka bari sai haƙuri.

Malama, ba zan ɓoye miki ba, da na ajiye wayar ba iyalinki ne suka fara faɗo mini a rai ba, Allah Ya yafe mini. Ɗalibarki Nastasia Bledea na tuna. Saura kwana tara ta zauna a gabanki jarrabawar baka karo na uku, kuma a dokar jami'armu babu na huɗu. In ta faɗi, za a share sunanta daga rajista, ta kwashe kayanta ta koma ƙauyensu na kan dutse da shekara biyu na karatu da ba su haifar mata komai ba. Ke kika yi alkawarin gyara wannan al'amari, sai ga shi kin tafi kin bar mini shi, ni Horia, wanda kin fi kowa sanin ba shi da haƙuri.

Shekara goma sha huɗu ina zaune a hagunki a wannan jarrabawa, domin doka ta ce malamai biyu ne za su saurari ɗalibi. Na haddace yadda kike shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, ki jera ƙuri'un tambayoyi a kife, guda arba'in, duk da rubutun hannunki. Ɗalibi ya shigo da farar riga, ya miƙa ɗan littafinsa na maki, ya zari ƙuri'a, ya koma kujerar baya ya yi tunani na minti ashirin yayin da wani ke amsawa. Sukan kawo furanni da gahawa su ajiye a kan tebur, kamar yadda iyayensu suka yi wa nasu malaman. Gahawar kikan shanye, furannin kuma ki aika wa matar da ke share mana benen. Ke ce kuwa kike zuwa da kwandon burodi mai cuku ki ajiye a bakin ƙofa, kina cewa ba za ki tambayi mai jin yunwa ma'anar adalci ba. Akwai shekarar da wani ɗalibi ya suma tun kafin ya buɗe ƙuri'arsa. Kika cire rigar sanyinki kika yi masa matashi, kika zauna a ƙasa kusa da shi har ya farfaɗo, kika ba shi ruwa da hannunki. Da ya dawo hayyacinsa kika yi masa jarrabawar, kuma kika kayar da shi, don bai yi karatu ba. Yau shi ne alƙali a wani gari, kuma na gan shi a wajen jana'izarki yana share hawaye.

Shekara uku da suka wuce aka wayi gari da manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira a wayar kowane ɗalibi. Cikin zango ɗaya rubutun ɗalibanmu ya yi kyau ƙwarai, ya kuma zama iri ɗaya, ba ka gane na Ionel daga na Sabina. Tsangayarmu ta adabi da tarihi da falsafa ta rikice. Wasu suka ce ai tamu ta ƙare, tunda na'ura na rubuta sharhi cikin daƙiƙa goma, gara mu nemi wata sana'ar. Wasu suka ce a haramta ta, a ƙwace wayoyi a bakin ƙofa. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a cikin na biyun, har da buga tebur. Kina zaune kina ɓare tuffa da 'yar wuƙarki, sai da na gama kika ɗago.

"Horia, ɗana, kai da kake son korar ta, ka taɓa zama da ita?"

Na ce ban taɓa ba, kuma ba ni da niyya.

"To ai ba a kayar da ɗalibi ba a ji ta bakinsa ba. Kawo ta gobe ta ɗauki ƙuri'a kamar kowa."

Dariya aka yi, amma da gaske kike. Washegari kika sa na ɗora kwamfuta a kan kujerar ɗalibi a gaban aji, kika sa wata yarinya ta zarar mata ƙuri'a, aka karanta mata tambayar. Ta amsa tiryan-tiryan, har wasu suka tafa. Sai kika juya ga ajin kika ce yau su ne malamai, su yi mata tambayoyi har su gano inda ta yi rauni, sannan su ba ta maki su kuma faɗi dalili. Babu wanda ya san abin da zai tambaya. Sai da aka kwashe mako uku kafin wani ya kama ta tana jingina magana ga wani littafin da babu shi a duniya, ya kuma tabbatar da hakan a laburare. Shi kika ba maki mafi yawa a zangon.

Daga nan wannan ya zama tsarinki. Kikan ce na'urar ta fi mu yawan karatu, kuma wauta ce a hana ɗalibi amfana da ita, amma tun asali ba don tara amsoshi aka kafa tsangayarmu ba. An kafa ta ne don mutum ya iya tsayawa ya ce ga abin da na yarda da shi, ga dalilina, in aka nuna masa kuskure ya karɓa da sunansa. Wannan kam na'ura ba za ta yi wa kowa ba, domin duk abin da ta faɗa ba abin da zai same ta. Abin da ke ba ki haushi da ita shi ne daɗin bakinta. Kikan gargaɗi ɗalibai cewa ko shirme suka faɗa mata sai ta ce tambaya ce mai kyau, don haka su riƙa umartarta ta yi musu gardama. Saboda haka kika ƙyale su su yi shiri da ita yadda suke so, amma jarrabawar baka ba ki yarda an taɓa miki ita ba. Lokacin da shugaban tsangaya ya kawo shawarar a mayar da ita zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, na'ura ta riƙa dubawa, cewa kika yi, "Ranka ya daɗe, in na'ura ce za ta rubuta, na'ura ce za ta duba, mu da ɗaliban sai mu tafi kamun kifi." Bai sake tayar da maganar ba.

Nastasia tana da in'ina, irin wadda magana ke tsayawa cak a tsakiya, baki a buɗe, ba abin da ke fitowa. A rubuce babu wanda ya kama ƙafarta a ajinsu. A watan Fabrairu ta zari ƙuri'ar da ke tambayar abin da ke sa mutane bin doka. Ta fara da kyau, ta ce mutane na bin doka saboda, sai ta tsaya. Fuskarta ta yi ja, 'yan baya suka sunkuyar da kai. Ba ki iya jure ganin haka ba, cikin taushin murya kika ƙarasa mata: saboda tsoron hukunci, ko? Ta gyaɗa kai. Kika ce to ta kare wannan ra'ayi, sai ta yi ta kame-kame, ba kai ba gindi. Muka ba ta huɗu cikin goma, alhali biyar ake nema. A watan Yuni ni ne na yi ta ƙarasa mata, har sau biyar ko shida, ina jin kaina mai taimako. Ta sake faɗuwa.

A ranar muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Na ce a bar ta ta rubuta, wannan azabtarwa ce. Kika ce yarinyar malanta take son yi, kuma in muka ɓoye ta a bayan takarda yau, gobe wa zai ɓoye ta a gaban aji? Na ce miki taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Na faɗa, kuma kin ji. Muka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A ƙarshen Yuli kika kira ni gidanki. Na same ki a ƙarƙashin bishiya da wayarki a kan tebur, Injiniya ya kawo mana gahawa ya koma ciki. Ashe kin ba Nastasia shawarar ta riƙa gwada jarrabawar da na'urar a hutu, da baki, ta riƙa naɗar muryarta tana aiko miki. Kika ce in zauna in saurara, kuma in rufe bakina. Tambayar Fabrairu ce. Muryar Nastasia ta zo daidai wurin nan, mutane na bin doka saboda, ta tsaya. Na jira, na gyara zama, na kalle ki, na kai hannu in duba ko wayar ce ta mutu, kika buge mini hannu. Daƙiƙa arba'in da uku, kin riga kin ƙirga. Sannan muryar ta dawo: saboda kunyar maƙwabci.

Daga nan ta zuba. Ta ba da misalin ƙauyensu, inda ake haɗa tumakin kowa garke ɗaya a tura su dutse, kuma madarar da aka auna a rana ɗaya tak ta farkon bazara ita ke yanke rabon cukun kowane gida har ƙarshen kiwo. Babu ɗan sanda a can, babu kotu. A jajibirin ranar kowa tumakin maƙwabcinsa yake tatsa, don kada wani ya bar madara ta taru a hantsar tumakinsa ya ƙara rabonsa. Na'urar ta ja da ita, ta ce ai kunya ma wani nau'in tsoro ne. Nastasia ta ce a'a, mai tsoro in ya sami duhu zai yi abin da yake so, mai kunya kuwa da maƙwabcinsa yake yawo a cikin kansa. Ta tsaya sau huɗu kafin ta gama, kuma duk tsayawar abin da ya biyo baya ba shi ne abin da na yi zato ba.

Da aka gama kika cire tabarau, na ga idonki ya kawo ruwa.

"Ka ji? Ba tsoron hukunci za ta ce ba. Ni na sa mata maganata a baki, na ce ta kare ta, sannan na kayar da ita a kan maganata. Shekara arba'in da huɗu ina wannan aiki, Horia. Su nawa na yi wa haka?"

Na ce ai da kyakkyawar niyya muka yi, kuma na'urar ma ba wani haƙuri ne da ita ba, an saita ta ne kada ta yi magana sai an saki maɓalli.

"Na sani, ba waliyyiya ba ce, maɓalli ne kawai. Amma mu ko maɓallin ba mu da shi. Kai ma da kake zaune nan, ko jirgin ƙasanmu mai yawan latti ya fi ka sanin darajar jira."

Wannan shi ne abin da na fi girmama ki da shi, Malama. Mace mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ministoci suka zauna a ajinta, ta yarda wata na'ura ta nuna mata aibinta, ba ta kuma nemi mafaka ba. Makin da aka riga aka shigar ba ya gogewa, kin je ofis kin tambaya an ce miki haka. Sai kika ce a Satumba za ki zauna a kan hannuwanki in ta kama, kuma duk wanda ya ƙarasa wa ɗalibi magana a teburinki zai fita waje, ko ni ne, ko ke. Duk watan Agusta kina gwadawa a kan Injiniya, wanda ya shaida mini cewa tun aurenku bai taɓa kai labari ƙarshe ba sai a bana.

Ranar Juma'a muka binne ki. Cocin ya cika har waje, kuma rabin mutanen ɗalibanki ne na da da na yanzu. A maƙabarta, ana raba dafaffiyar alkama mai zaƙi ta sadakar mamaci, shugaban tsangaya ya ja ni gefe. Ya ce a halin da ake ciki babu wanda zai ga laifina in na ba sauran ɗalibanki takarda su rubuta, ita ma mai in'inar ta huta. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ni ma na ji sauƙi ya zo mini. Na hango Nastasia a bayan mutane da baƙin ɗankwali, na je na gaya mata, ina murna kamar na kawo mata kyauta. Ta daɗe tana ƙoƙarin magana, ni kuwa saboda nauyin wurin na yi shiru.

"Malam, na gode. Amma ita ta ce za a saurare ni. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini."

Na ce zan iya, ba tare da na san ko gaskiya na faɗa ba.

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga wata, na shimfiɗa ƙyallen na jera ƙuri'unki. Dakta Grigore Sabau na sashen tarihi shi ya zo ya cike mu biyu, kuma ya ƙi zama a kujerarki, ya jawo wata daga baya. Na gaya masa ƙa'idar tun a bakin ƙofa, ya ce ya ji. Nastasia ce ta huɗu. Ta zari ƙuri'a mai lamba ashirin da bakwai: shin mutum na iya sanin abin da yake daidai, ya kuma aikata akasinsa? Ta yi tunaninta na minti ashirin, ta dawo ta zauna. Ta kawo ra'ayin waɗanda suka ce ba ya yiwuwa, cewa duk mai aikata kuskure jahilci ne ya sa shi, ta bayyana shi daidai. Sannan ta ce ita a ganinta yana yiwuwa, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne, sai maganar ta tsaya.

Na san amsar littafi, son zuciya, tana nan a bakina tana neman fita. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga hannunta ya damƙe gefen tebur. Wani a baya ya yi tari. Grigore ya ja numfashi ya karkato gaba, na damƙe masa hannu da ƙarfin da daga baya ya nuna mini shatin yatsuna. Ban kalli agogo ba, ban kalli takarda ba, fuskarta na kalla kamar yadda kika ce a yi, don ta san ba a gaji da ita ba. Ban taɓa jin wahalar shiru irin ta ranar ba. Zufa ta jiƙa mini riga, kuma a raina ina ta yi miki ƙorafi, ina cewa kin ga abin da kika bar ni da shi.

"Tausayi," in ji ta.

Ta ce mugunta ba ta cika rinjayar mai ilimi ba, don yana gane ta tun daga nesa. Tausayi ne ke shammatarsa, saboda yana zuwa da kamar alheri. Ta kawo misalin uwar da ta san lokacin tafiyar ɗanta ya yi, amma ba ta iya ganin ya faɗi, sai ta yi ta ɗaukarsa. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli kujerarki ba, kuma ba na jin da wata manufa ta faɗa. Ni dai kunya ta rufe ni, tare da wani farin ciki da ban san inda zan sa shi ba. Grigore, wanda ba ya ragawa kowa, ya yi mata tambaya uku masu zafi. Ta tsaya a biyu daga ciki, muka jira, ta amsa. Ta rikita ƙarnin da aka fara wannan muhawara, don haka tara na rubuta mata, domin na san ke ma ba za ki cike mata goma don ana makoki ba. Na sa hannu a littafinta. Da ta fita na ce a ba ni minti biyar, na shiga ofishinki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Mako mai zuwa za a buɗe sabon zango, kuma sunan Nastasia Bledea na cikin rajistar 'yan shekara ta uku. Ajinki ni aka ba. Kwamfutar za ta ci gaba da ɗaukar ƙuri'a, ɗalibai za su ci gaba da tuhumarta, jarrabawar baka kuma tana nan muddin ina wannan tsangaya. Ba na tsoron abin da wannan zamani zai yi wa karatunmu, domin na ga abin da ya faru da aka haɗa na'ura mai amsa da malamar da ba ta jin kunyar gyara kanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Injiniya Tiberiu Borza, abokin zamanki na shekara arba'in da shida, da 'yarku Sorina da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanwarki Valeria, da dukan malamai da ɗaliban tsangayarmu. Allah Ya ba su haƙurin wannan babban rashi, Ya ba mu baki ɗaya. Ke kuma Malama, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, waɗanda kika gano da waɗanda lokaci bai bar ki kin gano ba. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kin huta. Ranar da za ki tsaya a gabanSa ki faɗi uzurinki, in magana ta tsaya miki, Allah Ya saurare ki har ki kai ƙarshe, Ya kuma karɓa. Amin.

Horia Moga
Sashen Falsafa